Yatsun Ɗan Fari

Akwai wata alama da muke yi ni da maigidana wadda ba wanda ya san da ita. Idan muna cikin mutane, a keke napep ko a gidan biki inda ba damar magana, sai in zura hannu ta ƙarƙashin hijabina in matsa yatsansa manuni na hannun dama. Shi kuma sai ya lanƙwasa yatsan ya riƙe nawa, fuskarsa na kallon wani wuri kamar ba abin da ke faruwa. Ni na zo da ita gidan aure. Tun ina budurwa nake hayar littattafan soyayya a bakin layinmu, in karanta har tuwo ya kama a tukunya, kuma na riga na yanke wa kaina cewa duk wanda zan aura sai mun yi wani abu namu mu biyu. Ranar da na fara koya masa dariya ya yi ta yi, ya ce, "'Yar littafi, wannan kuma a shafi na nawa yake?" Amma bai taɓa ƙin amsawa ba.

Tela ne, shagonsa na kan Titin Bauchi a nan Jos. Keken ɗinki kowa na da shi a layin, abin da ya bambanta shi da sauran shi ne aikin wuyan riga da hannu. Daga Rayfield, unguwar masu kuɗi, ake aiko direbobi da shadda a leda, su jira makonni ba su damu ba. Nakan kai masa abincin rana in zauna ina kallon allura tsakanin babban yatsansa da manuni, tana shiga tana fita kamar ita ke jan hannun.

Muna haya a Ali Kazaure, gida kaɗan tsakaninmu da mahaifinsa. Baba maɗori ne, gado ya yi. Kakan maigidana ya zo Jos lokacin haƙar kuza, shi ke ɗora wa leburori ƙafa idan rami ya rufta. Har yanzu da safe za ka tarar da zauren Baba cike, Musulmi da Kirista, wasu daga ƙauyukan kan dutse an ɗauko su a bayan mota. Maigidana kuwa shi ne ɗan fari. Mahaifiyarsa ta rasu kafin a kawo ni. Tun da na shigo dangin ban taɓa jin Baba ya kama sunansa ba. "Wancan" yake cewa, ko "mai shago". Ba ya kallonsa ido cikin ido, ba sa zama tabarma ɗaya, idan suka haɗu a hanyar masallaci gaisuwa ce gajera kowa ya wuce. Ni a lokacin abin burge ni yake yi. Ina ganin soyayya ce mai zurfin da ta fi ƙarfin baki.

A damina ce abin ya faru. An yi ruwa da ƙanƙara irin wanda Jos ta saba, ya huda mana kwanon rufi a saitin gado. Da gari ya waye maigida ya aro tsani ya hau zai liƙe. Ƙasa a jiƙe take, tsanin ya zame. Ina tsakar gida ina wanke-wanke na ga ya taho, ya miƙa hannun dama zai tare ƙasa. Da na iso kansa gwiwar hannun ta fita ta baya, wani ƙashi ya turo fata inda bai kamata a ga ƙashi ba. Bai yi ihu ba. Salati kawai yake yi yana haɗa gumi cikin wannan sanyi.

Maƙwabta suka tallafe shi zuwa zauren Baba, ni kuma na laɓe a bayan ƙofar cikin gida ina leƙe. Na sha ganin Baba yana aiki. Yakan ja majinyaci da hira, ya tambaye shi garinsu da abin da ya shuka bana, sai mutum ya shagala ya ji an mayar da ƙashi. Bayan ya ɗaure kuma yana da wata al'ada da ba ya tsallakewa: ya zaro tsinke daga tsintsiya, ya ce mutum ya rufe ido, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya yana tsikara yana tambaya, "Kana ji? Nan fa? Motsa min wannan." Wanda bai ji ba, Baba ba ya riƙe shi, asibiti yake tura shi a ranar.

Ran nan babu hira. Baba ya sa aka riƙe kafaɗar, ya kama hannun, ya juya fuskarsa wajen bango ya ja. Na ji ƙarar komawar ƙashin har cikin haƙorana. Ya shafa man shanu, ya jera kara, ya ɗaure, ya yi tofi, duk bai dubi fuskar ɗansa ba. Sannan ya ce wa mutanen, "Ku kai shi gida," ya ɗauki buta ya fita.  Tsintsiya na nan jingine a kusurwa, ba wanda ya taɓa ta, ni ma ban kawo komai a raina ba. Kau da fuskar nan da ya yi kawai na tafi da ita, ina ta juya ta a zuciya ina jin tausayin tsoho.

Ni ke kai wa Baba abincin yamma. In durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe shi, in ajiye kwano. Kullum yakan tambaya yana kallon carbinsa, "Yaya mai hannu?" Ni kuma in ce, "Da sauƙi, Baba." Me kuma ake cewa? Ko mutum na kan gargara aka tambayi jikinsa, da sauƙi ake cewa. Da lokacin kwance ɗori ya yi, Baba ya warware tsumman, ya lanƙwasa gwiwar ya miƙe ta, ya ce wa ƙofa, "Ya zauna." Maigida ya ce, "An gode, Baba." Iyakar maganarsu ke nan.

Ba a jima ba aka yi suna a gidan wata 'yar uwata, muka hau keke napep tare. Hanya ta cushe wajen kasuwa, ga masu dankalin Turawa sun baje har kan kwalta. Na zura hannu ta ƙarƙashin hijabi na matsa yatsan. Shiru. Na sake matsawa, har da farce. Yana can yana kallon wata motar kabeji da ta maƙale, ko gezau.

Abin da ya zo min a rai ba ciwo ba ne. A littattafan da na tashi da su, idan namiji ya daina amsa irin wannan, an san inda labari ya dosa. Na ce so ya huce. Na shiga tuno laifuffukana ɗaya bayan ɗaya, miyar da gishiri ya yi wa yawa, ranar da na yi masa tsaki. Na ƙara kwalliya, na sayi sabon turaren wuta, na yi kuka a madafa na ɗora wa albasa. Ina ganin ya koma cin tuwo da cokali, ina ganin yana saka maɓallin riga da hagu, ina ganin shaddojin mutanen Rayfield sun taru a kan kanta ba a taɓa ba, duk na fassara su da cewa hankalinsa ne ya tafi wani wuri. Idan na tambaye shi aiki sai ya ce gwiwar ce ba ta gama saki ba.

Wata rana na kai masa abinci shago na tarar yana guga da hannun hagu. Ya dafa tebur da na dama yana ba ni labarin wani mai kaftani da ya zo ya yi masa faɗa. Ya ajiye dutsen gugar a tsaye, ya ci gaba da magana. Sai na ji wani ƙauri da ba na yadi ba. Na duba, manuninsa na jingine da gefen dutsen.

"Hannunka!" na ce da ƙarfi, har mai shagon kusa ya leƙo.

Ya janye, ya tsaya yana kallon fatar da ta yi fari ta tashi, kamar yatsan wani aka nuna masa. Bai ce wash ba. Ya ɗago ya dube ni, na ga tsoro a idonsa irin wanda ban gani ba ko ranar da ya faɗo daga tsani.

Na janyo labulen shagon. "Tun yaushe?"

"Zai dawo."

"Tun yaushe, don Allah?"

Ya zauna a kan kujerar keke. "Tun ranar ɗorin. Wannan da wannan da wannan." Ya nuna babban yatsa da manuni da na tsakiya. "Kamar itace aka dasa min. Na ɗauka kumburi ne. Kumburin ya saɓe, su ba su farka ba. In na ɗauki allura ban san tana hannuna ba sai na gan ta a ƙasa."

Na tuna keke napep, na tuna farcen da na sa masa, kunya da tsoro suka rufe ni lokaci ɗaya. "To me ya hana ka gaya wa Baba?"

"In ce masa me? In tsaya a gabansa in ce ya ɗora wa duk garin nan sun warke, nasa ne ya lalace? Ke kin san bai iya kallona ba ma. Zai dawo, na ce miki."

A gidan da muke haya akwai wata ma'aikaciyar jinya, 'yar asalin nan kan dutse, Sista muke ce mata. Mace ce mai faɗa da kirki, ranar Lahadi in ta dawo coci takan aiko min da gwaten acca. Hausarta irin ta cikin gari ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu. Da yamma na roƙe ta ta zo ta wanke masa ƙunar. Tana shafa magani tana kallon fuskarsa.

"Oga, ba zafi?"

"Da sauƙi."

"Ni ban tambaye ka sauƙi ba. Na ce akwai zafi?" Ta ajiye audugar. "Yi min haka." Ta haɗa kan babban yatsanta da manuni suka yi zobe.

Ya gwada. Yatsun suka haɗu a miƙe kamar bakin agwagwa, kawunansu suka ƙi lanƙwasa. Ta ce ya dunƙule hannu. Ƙananan biyun suka shige, na tsakiya ya bi su da ƙyar, manuni ya tsaya yana nuna ƙofa. Sai ta jera tafukan hannunsa biyu a kan cinyarsa ta kira ni.

"Amarya, zo ka gani. Ka ga tudun nan ƙarƙashin babban yatsa? Na hagu ya cika. Na dama fa?"

Ya lotsa. Ni da nake riƙe hannun nan kullum ban lura ba.

"Jijiya ne," in ji Sista. "Akwai wani jijiya da yake wucewa ta gaban gwiwa, shi yake ba yatsun nan ji da ƙarfi. Wani lokaci in ƙashi ya goce aka mayar, sai ya shiga tsakani, ƙashi ya danne shi. Ni ba likita ba ne, amma na taɓa gani. Oga, wannan ba abin jira ba ne. Naman nan yana bushewa ne. In ya gama bushewa, ko an ciro jijiyan ba abin da zai tarar. Gobe ka je babban asibiti, abeg."

Maigida ya yi mata godiya sosai, ya raka ta har ƙofa. Da ya dawo ya ce, "Ba inda za ni."

"Ka ji fa abin da ta ce."

"Na ji. Asibitin nan wa bai san Baba ba? Masu gadi, masu shara, rabinsu ya taɓa ɗora musu ko 'ya'yansu. In shiga da hannu a lalace, kafin azahar labari ya iso Ali Kazaure: ɗan maɗori ya gudu asibiti a ɓoye. Da wane ido zai zauna a zaurensa? In dai ba shi ya ce in je ba, ba zan je ba." Ya nuna ni da hannun hagu. "Ke kuma kada ki kai masa maganata. Ban yarda ba."

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Kowace safiya kafin ya tashi sai in buɗe tafin hannunsa in duba tudun nan, in ga kamar ya ƙara faɗawa. Sista in mun haɗu a bakin famfo sai ta ɗaga gira, ni kuma in sunkuyar da kai. Wani direba ya zo ya karɓe shaddar maigidansa ba a ɗinka ba. Da yamma in kai wa Baba abinci, ya ce yaya mai hannu, in ji bakina ya ce da sauƙi. Uba ba zai duba ba don kunyar ɗan fari, ɗa ba zai faɗa ba don kunyar uba, ni suruka ce, ko ɗaga ido ban isa in yi a gaban Baba ba, ga kuma hani a kaina. Mu uku muna ta ladabi, hannu na mutuwa a tsakaninmu.

Ranar da na kasa, na ga maigida ne a tsakar gida yana ƙoƙarin zura zare a allura. Ya riƙe allurar da hagu, ya matse zaren tsakanin yatsun da ba sa ji, zaren na zamewa yana sake ɗauka. Bai san ina kallo ba. Da ya gaji sai ya soke allurar a jikin hularsa, ya zauna ya zuba wa hannun ido.

Bayan la'asar na ɗauki kwanon Baba. Zauren ya watse, saura shi kaɗai da warin man shanu. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye kwano. 

"Yaya mai hannu?"

Na ce, ina kallon tabarma, "Baba, tambaya aka ba ni in yi."

"To, 'yar nan. Ina ji."

"Wani bawan Allah ne. Gwiwar hannunsa ta goce, aka mayar, ta zauna lafiya. Amma yatsunsa uku ba sa ji. Har wuta ta ƙone shi bai sani ba."

Baba ya ajiye carbi. Muryarsa ta koma irin ta aiki. "Waɗanne yatsun?"

"Babba da manuni da na tsakiya."

"Yana iya kama abu da su?"

"Ko allura ba ya iyawa."

"Subhanallahi. Jijiya ce ƙashi ya kama. Wannan ya fi ƙarfin kara da tsumma, sai an buɗe. Tun yaushe?"

"An daɗe, Baba. Tun tsakiyar damina."

"Tun damina!" Ya buga cinyarsa. "Wane irin sakaci ne wannan? Wa ya ɗora shi? Shi maɗorin bai bi yatsun da tsinke ba? Ai ko yaron da ya fara koyo jiya ya san ba a sallamar mutum sai an tambayi yatsunsa."

"Bai bi ba, Baba."

"To ki gaya musu su kai shi asibiti, yau ba gobe ba. Ki ce ni na ce."

A nan ya kamata in ce to, in tashi. Ban tashi ba. Na ci gaba da durƙuso, hawaye na ɗiga a kan hijabina, ina kallon saƙar tabarma.  Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba.

Can Baba ya sake cewa, a hankali, da wata murya daban, "Yaya mai hannu?"

Wannan karon ban ce da sauƙi ba.

Na ji ya miƙe. Na ga ƙafafunsa sun nufi kusurwa, na ji ƙarar tsinke da aka zaro daga tsintsiya. Ya saka takalmi ya ce, "Tashi mu je."

Shi ya tare keke napep da kansa, ya zauna gaba kusa da direba, ni a baya.  Ina ta tunanin abin da maigida zai ce min, ina kuma gaya wa kaina ai ban ambace shi ba, wani bawan Allah na ce.

Baba bai taɓa taka shagon nan ba. Da maigida ya gan shi a ƙofa sai ya miƙe zumbur har almakashi ya faɗi, ya dube ni, ya sunkuya zai gaishe shi.

"Zauna," in ji Baba. "Miƙo hannun. Rufe idonka."

Ya tsikari ƙaramin yatsa. "Kana ji?"

"Ina ji, Baba."

Ya tsikari na kusa da shi. "Nan fa?"

"Ina ji."

Sai Baba ya ɗaga tsinken sama, bai taɓa ko'ina ba. Ina tsaye ina gani, tsakanin tsinken da manunin akwai tazarar da hannu zai wuce. "Nan fa?"

"Ina ji, Baba."

Tsinken ya faɗi ƙasa. Baba ya riƙe hannun da hannayensa biyu, ya shafa tudun da ya lotsa da babban yatsansa, ya dubi tabon ƙunar. Sannan ya ɗago ya kalli fuskar ɗansa, ya kira sunansa. Sunan yanka, cikakke. Ban taɓa jin sa daga wannan bakin ba, ina jin shi ma mai sunan rabonsa da ji tun bai yi wayo ba. Maigida ya buɗe ido a firgice.

"Ni za ka yi wa kara da hannunka?" in ji Baba. "Da me za ka ci abinci? Rufe shagon nan."

Washegari da sassafe Baba ne a gaba, da babbar rigarsa, mu muna biye. Abin da maigida ya ji tsoro ya faru tun daga ƙofar asibiti. Mai gadi ya taso da murna yana cewa, "Baba, lafiya? Yau kai ne a wurinmu?" Baba ya ce, da ƙarfin da na kusa za su ji, "Ɗana na kawo. Ni na ɗora shi, jijiya ta maƙale." Ya wuce bai rage tafiya ba.

Likitan ƙashi ya sa aka ɗauki hoto, aka yi wani gwaji da ake manna wayoyi a hannu, aka yi ta aika mu daga wannan ɗaki zuwa wancan. Da sakamako ya haɗu ya zaunar da mu. Ya ce gaɓar ta koma daidai, ba abin da zai gyara a zamanta. Sai dai lokacin da ƙashin ke komawa jijiyar na kan hanya, ya rufe da ita kamar yadda ƙofar mota ke kama gefen riga. Ya ce hakan na faruwa ko a hannun likitoci, abin da ake yi shi ne a duba yatsu kafin a mayar da bayan an mayar, a kuma ci gaba da dubawa.

"Na sani," in ji Baba. "Kowa ina dubawa."

Likitan ya ce sai an yi aiki, kuma ba zai yi mana alkawarin yatsun za su dawo duka ba, don an ɗau lokaci.

Ranar aikin muka zauna a dogon benci, Baba a wancan ƙarshe ni a wannan. Sista, da yake a nan take aiki, ta saci jiki daga ɓangarenta ta kawo mana shayi a fulas, ba wanda ya sha. Duk wanda ya fito da koren kaya sai in miƙe tsaye. A littattafaina a irin wannan wuri matar takan suma, ko ta yi wani dogon jawabi da zai sa kowa kuka. Ni kuwa zaune kawai nake, ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina kallon carbin Baba da ya tsaya a ƙwaya ɗaya ba ya gaba.

Da likitan ya fito ya ce sun same ta a cikin gaɓar, ta baje ta yi siriri inda ƙashi ya danne ta, amma ba ta tsinke ba. Sun ciro ta sun mayar da ita hanyarta. Saura jira. Ya ce jijiya ba ta gaggawa, daga gwiwa za ta fara farkawa tana gangarowa, yatsu ne na ƙarshe.

Mun jira har wata damina ta zagayo. Muna zuwa gashi da motsa hannu, yana matsa ƙwallon roba har ya gaji ya jefar. Akwai watannin da ba abin da ya canza, ya daina magana a gida, ni ma na daina buɗe tafin hannunsa da safe don kada ya ga fuskata. Sai wata rana ya ce yana jin kamar tururuwa na yawo a damtsensa ƙasa da gwiwa. Daga baya tururuwar ta sauko wuyan hannu. Baba ya koma cewa "wancan", ya koma kallon carbi, amma duk Juma'a bayan masallaci sai ya biyo gidanmu da tsinke a aljihu, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci yakan ɗaga tsinken sama ya tambaya, maigida ya ce, "Ban ji ba, Baba," shi kuma ya ce, "Madalla."

Babban yatsa ya dawo, na tsakiya ma haka. Tudun ya ɗan ciko, bai kai na hagu ba. Manuni ne ya tsaya rabin hanya: yana jin zafi da sanyi, amma kansa ba ya lanƙwasawa sosai, kuma maigida ya ce komai ya taɓa kamar ta bayan yadi yake taɓawa. Ya koyi riƙe allura da babban yatsa da na tsakiya. Aikin da yake gamawa a mako yanzu sai ya ninka, kuma irin ƙananan zanen nan masu cinye ido ya daina karɓa. Wasu daga cikin mutanen Rayfield sun dawo, wasu sun sami wani tela.

Ni kuwa na daɗe ban sake gwada alamarmu ba, tsoron shirun nake yi. Sai ranar da muke dawowa daga ganin likita na ƙarshe, a keke napep, an fara yayyafi direba ya saki labulen leda. Na zura hannu ta ƙarƙashin hijabi na matsa manunin, a hankali, ta wajen tabon ƙunar. Yana kallon titi. Na fara janye hannuna ke nan na ji yatsan ya motsa, ya lanƙwaso iya inda yake iyawa. Bai kai ga riƙe nawa ba, sai na tsakiya ya taso ya taya shi.

"'Yar littafi," ya ce, bai juyo ba, "ki ƙara matsawa kaɗan. Daga nesa nake jin ki."